Manhajar tana aiki a laftof ɗina amma a kwamfutar shago ta ƙi, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a taimaka min. Na haɗa wa wani Alhaji mai kemis a Bukuru manhajar lissafin kaya da ciniki, da C# WinForms na yi ta, databes ɗin kuma SQLite. A laftof ɗina wallahi komai lafiya lau, amma ranar da na kai masa sai ta ƙi buɗewa a kwamfutar shagon, na yi ta kwashe-kwashen fayiloli har dai ta buɗe ban ma san me ya gyara ta ba. Yanzu kuma in aka danna rahoton wata sai ta daskare ta rubuta Not Responding, wani lokacin yarinyar shagon tana sa sunan kwastoma sai ta rufe kanta, shekaranjiya kuma aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita aka ce cinikin ranar babu shi. Alhaji ya riƙe min cikon kuɗina ya ce sai ta daidaita. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Toh na karanta saƙonka sau biyu, abin da na gani ba matsala ɗaya ba ce, huɗu ne ka zuba a buhu ɗaya, ƙin buɗewa daban, daskarewa daban, mutuwa a kan suna daban, ɓatan ciniki kuma daban, kuma kowacce da nata dalilin. Amma a duk saƙon inda ya fi tsaya min a rai shi ne inda ka ce ta buɗe ba ka san me ya gyara ta ba. Nan ne asalin ciwon. Abin da ba ka san yadda ya gyaru ba, ranar da Alhaji ya sake kwamfuta ko wani ya yi mata fomat zai dawo maka sabo fil, kuma ka sake komawa lalube a duhu.

Ka fara da sanin cewa laftof ɗinka ba irin kwamfutar mutane ba ce. Ranar da ka ɗora Visual Studio ya zuba maka .NET da kayan Visual C++ da abubuwa da yawa da ba ka ma san suna ciki ba, kai ne admin a kanta, databes ɗinka na gwaji bai wuce magani ashirin da ciniki goma ba, kuma laftof tana da batir, ba ta san an ɗauke wuta ba. Ita kuwa ta shagon ina kyautata zaton irin desktof ɗin nan ce tokumbo da ake sayarwa a wajen Terminus da Ahmadu Bello Way a Jos, RAM 4GB, hadis, wato hard disk, irin mai juyawa, Windows ɗin da wani mai gyara ya ɗora mata shekaru da suka wuce. Saboda haka "tana aiki a wajena" ba shaida ba ce a kan komai sai a kan laftof ɗinka.

Kafin ka taɓa kod, ka sa ta faɗi abin da ke damunta

In ka je shagon ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta eventvwr, ka shiga Windows Logs sannan Application, ka duba jajayen layuka na daidai lokacin da ta rufe kanta. Yawanci za ka ga biyu a jere, ɗaya Application Error mai lamba 1000, ɗaya .NET Runtime mai lamba 1026. Na biyun shi ne naka, a cikinsa za ka ga sunan kuskuren da jerin matakan da kod ɗinka ya bi kafin ya faɗi. Windows ya daɗe yana rubuta maka wannan labarin a ajiye, kai ne kawai ba ka je ka karanta ba.

Sannan in ka dawo gida, a cikin Program.cs ka kama Application.ThreadException da AppDomain.CurrentDomain.UnhandledException, duk kuskuren da ya tsallake ka rubuta shi a wani fayil na rubutu da ake kira log, da lokaci, da cikakken saƙon, da sigar manhajar. Ko da kayan rubuta log irin su Serilog ko NLog ko ma da hannu, duk ɗaya. Ni ban ƙara miƙa wa kowa manhaja babu wannan ba, domin yarinyar shago in ka tambaye ta me ya faru za ta ce maka "kawai fita ta yi", kuma gaskiyarta ce, iya abin da ta gani ke nan, amma in akwai log sai ka ce ta turo maka fayil ɗin ta WhatsApp ka karanta kana zaune a gida ba sai ka hau keke zuwa Bukuru ba. Kuma dan Allah ka bincika duk kod ɗinka ka nemo catch ɗin da ka bari babu komai a ciki. Wannan ɗabi'ar ta fi kowace cutar da masu koyo, domin kuskure ya faru ka haɗiye shi, manhaja ta ci gaba kamar ta ajiye ciniki alhali ba ta ajiye ba.

Ƙin buɗewa

Wannan kusan koyaushe wani abu ne da ke laftof ɗinka babu shi a can. In da .NET Framework 4.8 ka yi aikin, shi yana zuwa a cikin Windows 10 tun sabuntawar watan Mayu 2019, amma in .NET 8 ne sai an ɗora shi daban, kuma wanda ake kira Desktop Runtime ake buƙata, mutane da yawa suna sauke ɗayan su yi ta mamaki. In kuma kwamfutar Windows 7 ce, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairu 2020, to ba a yi .NET 8 dominsa ba, ko ka koma 4.8 ko a canza Windows. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka fitar da manhajar self-contained, wato ta tafi da .NET ɗinta a jikinta, girmanta zai iya haura megabait 100 amma filash za ka kai ai, ba data za ka ƙona ba.

Tunda ka ce SQLite kuma ka ce kwashe-kwashen fayiloli ne ya tashe ta, zatona ya fi karkata kan SQLite.Interop.dll. In System.Data.SQLite ka yi amfani da shi, yana ajiye wannan fayil ɗin a folda biyu, x86 da x64, kusa da exe ɗinka, in ka ɗauki exe kaɗai ka bar su to ba za ta tashi ba, inaga a cikin kwashe-kwashen ne ka haɗo da su ba ka lura ba. Ɗan'uwan wannan shi ne rikicin 32-bit da 64-bit, alamarsa BadImageFormatException ko lambar nan 0xc000007b. In kuma ta ce babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, Visual C++ Redistributable za ka sauke daga shafin Microsoft kansa, kar ka kuskura ka je irin shafukan nan masu raba DLL ɗai-ɗai, kwamfutar da ake lissafin kuɗin mutum a kanta ba wajen wannan kasadar ba ce.

Maganin duk wannan na dindindin abu biyu ne, ka daina kai folda a filash ka haɗa instola na gaske, da Inno Setup, yini ɗaya ya isa ka koye shi, sannan ka ɗora VirtualBox, manhajar da ke yi maka kwamfuta a cikin kwamfuta, ka sa sabon Windows wanda babu komai a kansa ka riƙa gwada instolan a can kafin ka fita daga gida. In Windows ɗinka Pro ne akwai Windows Sandbox ma a ciki, kunna shi kawai za ka yi.

Sunan da ke kashe ta

Wannan kam ko ban ga kod ɗinka ba zan iya cewa na san shi. Je ka gwada sa Musa, za ta karɓa. Sa Sa'adatu ko Rabi'u ko Mu'azu ko Na'ima, za ta mutu. Kana haɗa umarnin SQL ne da alamar tarawa, kana manna abin da aka rubuta a akwatin suna kai tsaye a tsakanin waƙafin sama guda biyu, toh sunayenmu kuma cike suke da wannan alamar, sai databes ya ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ya ga adatu bai san ko mene ne ba, ya ce syntax error. Darussan YouTube da yawancinmu muka koya da su da John da Mary suke gwaji, shi ya sa ba ka taɓa cin karo da shi ba sai da manhajar ta shiga hannun Hausawa. Gyaran shi ne parameter, ka rubuta @suna a cikin umarnin sannan ka miƙa ainihin sunan ta Parameters, a duk inda kake taɓa databes ba a wajen suna kaɗai ba. Kar ka yi dabarar goge alamar ko hana a rubuta ta, sunan mutum sunansa ne, kuma wannan tsagar da Sa'adatu ta faɗa ciki bisa tsautsayi ita ce dai wadda mai mugun nufi zai bi da gangan ya goge ko ya canza lissafi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tunda muna kan haruffa, in kana buga rasit da ƙaramar firintar nan mai takarda 58mm ko 80mm ka duba alamar ₦ da ƙ da ɗ da ɓ, SQLite yana ajiye su lafiya amma yawancin firintocin nan in ka tura musu rubutu kai tsaye alamar tambaya suke fitarwa. Ko ka buga ta direban Windows da font mai ɗauke da su, ko ka sa N kawai a gaban kuɗi.

Daskarewa

Ka ɗauka shago ne mai mutum ɗaya a kanta, shi ke amsa sallama, shi ke karɓar kuɗi, in aka nemi kaya kuma shi ke shiga sito. Duk lokacin da yake sito, kanta babu kowa. Haka WinForms take, akwai layin aiki guda ɗaya da ake kira UI thread, shi ke zana fuskar manhaja shi ke amsa dannawa, in ka sa lissafin rahoton wata a cikin kod ɗin maɓalli to ka tura shi sito, kuma Windows in ya yi kamar daƙiƙa 5 yana sallama ba a amsa ba sai ya rubuta Not Responding. Ba mutuwa ta yi ba, aiki take, amma yarinyar za ta yi ta dannawa ko ta kashe kwamfutar daga soket, wanda shi ma wata masifar ce.

Gyaran farko ka sa aikin mai nauyi a Task.Run ka jira shi da await, ka kashe maɓallin har ya gama don kar a danna sau biyar, ka nuna wata alama cewa ana aiki. Abu biyu za su ci ka a nan. In ka taɓa tebur ko akwatin rubutu daga cikin Task.Run za ka ga Cross-thread operation not valid, saboda haka ka ɗebo bayanan a ciki, ka zuba su a fuska bayan await. Sannan kar ka sa .Result ko .Wait a kod ɗin maɓalli, zai iya jawo daskarewar da ba ta sakewa. Wani abin da mutane ba su cika sani ba, su ExecuteReaderAsync a SQLite suna ne kawai, a zahiri a layi ɗaya suke gudu, don haka sa await a kansu kaɗai ba zai raba ka da daskarewa ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Rahoton wata na kemis ɗaya bai kamata ya ɗauki daƙiƙa 5 ba ko a tsohuwar kwamfuta. In ya ɗauka to ko kana kwaso duk cinikin da aka taɓa yi ka zuba a DataGridView kana tarawa da madauki, ko kuma a kan kowane layi kana sake komawa databes neman sunan magani, layi dubu tafiya dubu. Ka bar databes ya yi tarawar da SUM da GROUP BY, ka haɗa teburan da JOIN, ka sa index a kan ginshiƙin kwanan wata. In ka sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban umarnin ka ga SCAN to yana bin teburin ne layi-layi, in ka ga SEARCH index ya kama. Ni kafin in miƙa aiki nakan cika databes da cinikin bogi kamar layi 200,000 in danna kowane rahoto in gani, domin shagon da ke ciniki sosai zai kai can, gara in gani a ɗakina.

Cinikin da ya ɓata

Nan ne nake so ka natsu, domin shi ne ya taɓa amanar Alhaji. Abu na farko, kafin ka buɗe komai, ka rufe manhajar ka kwafi fayil ɗin databes zuwa filash, in akwai wasu a gefensa masu ƙarewa da -wal ko -shm ko -journal ka haɗa da su, a kan kwafin za ka yi bincike da DB Browser for SQLite, shi ma kyauta ne.

SQLite an gina shi ne yadda cinikin da aka riga aka yi wa commit, wato aka kammala rubuta shi, ba ya ɓata don an ɗauke wuta, saboda haka ni ba shi nake fara zargi ba. Wanda nake fara zargi agogo ne. Tsofaffin desktof suna da ɗan ƙaramin batir a kan bod, CR2032, irin zagayayyen nan, shi ke riƙe kwanan wata in babu wuta, in ya mutu duk sanda aka ɗauke wuta sai kwamfutar ta koma wata tsohuwar shekara, in babu intanet a shagon kuma babu mai gyara mata. Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan a wani shagon kayan masarufi a Farin Gada, mai shagon har ya fara zargin yaronsa da cin kuɗi, ashe cinikin duk yana nan daram, an rubuta shi ne a ƙarƙashin shekarar da ta wuce da daɗewa, rahoton yau kuma yana neman yau. Har yanzu in na tuna yaron nan raina yana ɓaci, saura kaɗan a kore shi a kan batir ɗin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Ka jera teburin cinikin da lambar id daga ƙarshe ka ga kwanan watan da ke jikin layukan ƙarshe. Tun daga lokacin duk manhajar da na yi, in ta tashi tana kwatanta agogon kwamfuta da cinikin ƙarshe, in agogo ya koma baya sai ta ƙi sayarwa har a gyara.

Kusa da wannan akwai tsarin rubuta kwanan wata. Kwamfutocin da suka zo daga Amurka wata suke sawa a gaba, mu kuma rana, toh in kana ajiye kwanan wata da ToString yadda kwamfutar ta ga dama, 05/06 a wajenka biyar ga Yuni ne a wajenta shida ga Mayu, babu kuskuren da zai fito, lissafi ne kawai zai karkace, sai an kai 13 ga wata sannan ta fara faɗuwa. SQLite ba shi da nau'in kwanan wata na kansa, ka riƙa ajiyewa shekara-wata-rana, kamar 2025-06-05 14:30:00, da InvariantCulture.

Zargi na biyu, databes biyu. In a kod ka rubuta Data Source=shago.db babu cikakkiyar hanya, inda za a neme shi ya danganta da inda aka tayar da manhajar, kuma SQLite in bai ga fayil ba ba ya ƙorafi, sabo yake ƙirƙira. Kai kuma ka yi kwashe-kwashe ranar farko, zai yiwu akwai kwafin manhajar biyu a kwamfutar, an sayar a ɗaya, bayan wuta ta dawo aka buɗe ɗayar. Ka bincika duk kwamfutar da sunan fayil ɗin ka ga guda nawa ne. Mazauninsa na gaskiya ProgramData ne ko AppData, ka samo hanyar da Environment.GetFolderPath, ba Program Files ba, domin tun Windows Vista ba a barin mai amfani na yau da kullum ya yi rubutu a can. In ProgramData ka zaɓa ka ba foldar izinin rubutu tun daga instola.

Na uku shi ne wanda nake fatan ba shi ba ne, wato kana tara cinikin a DataTable sai an danna ajiye ko an rufe manhaja kake zubawa a databes. In haka ne cinikin ranar ya tafi, sai dai a dawo da shi daga rasit ko littafin shago. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, kowane ciniki a take ake rubuta shi, rasit ɗin da layukansa da rage kaya duk a transaction ɗaya, ko duk su shiga ko kar ko ɗaya ya shiga. In kuma ka taɓa kwafo PRAGMA synchronous=OFF daga wani waje don ƙarin sauri, cire shi yau.

Daga ƙarshe ka gudanar da PRAGMA integrity_check, in ya ce ok fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ka kuma sa manhajar ta riƙa yin kwafin ajiya da kanta kullum da VACUUM INTO, wanda ya shigo SQLite a siga 3.27 a 2019, fayil ɗin kowace rana da sunansa, a filash ko wani wajen da ba hadis ɗin nan ba. Ka roƙi Alhaji ya sayi ƙaramin UPS ko a jona kwamfutar a inbata in yana da ita. In wata rana ya ce a ƙara kwamfuta ta biyu kar ka sa fayil ɗin SQLite a foldar da ake rabawa ta netwok, lokacin PostgreSQL ko SQL Server Express ya yi.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, ban ga kod ɗinka ba ban ga kwamfutar ba, na sunan ne kaɗai nake da yaƙini a kai, sauran zato ne mai ƙarfi da gwaji zai tabbatar ko ya rushe. In integrity_check ya nuna ɓarna, akwai umarnin .recover a sqlite3 da ke ceto abin da ya samu amma ba lallai duka ba, in kuma hadis ɗin na ƙara ko Windows kansa na daskarewa to wannan aikin mai gyaran kwamfuta ne, ba kod ba.

Shi kuma Alhaji kar ka ji haushinsa, dukiyarsa ce a ciki. Ka gaya masa gaskiya cewa matsala huɗu ce, ka fara da ta cinikin, su ci gaba da rubutawa a littafi na sati biyu ana kwatantawa da manhajar, kai kuma ka ware yini guda ka zauna a shagon daga buɗewa zuwa rufewa kana kallon yadda yarinyar ke dannawa, za ka ga abubuwan da ba za su taɓa zuwa maka a ɗaki ba. In ka je ka ɗauko min hoton abin da ke cikin 1026 ɗin nan, da kwanan watan layuka goman ƙarshe na teburin ciniki, da adadin fayilolin databes da ka samu a kwamfutar, ka turo mu duba tare.